Hajiya ta ƙi daina cewa a gyara

Tambaya: Anti, ina zana katin biki a waya, wata hajiya kullum sai ta turo saƙon murya a WhatsApp wai a canza kala, a ƙara fulawa, kuɗi kuma bai ƙaru ba. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, cikin ladabi ki ce, "Hajiya, gyara na gaba da kuɗinsa." Nan gaba kuwa ki karɓi kafin alƙalami, ki rubuta mata gyara biyu ne cikin farashin, ta tattaro su a saƙo ɗaya bayan ta nuna wa amarya da gwaggonni, don wallahi yawanci su ke sauya ra'ayi. Amma in ke kika kuskure sunan ango ko ranar ɗaurin aure, wannan kyauta za ki gyara da sauri.