Garba ko Garuba, amsa ga taubashina na Kano

Taubashi na ji saƙon muryar da ka turo, sai da na saurara sau biyu don dariyar da kake ƙyaƙyatawa ta cinye rabin maganar. Wato duk shinkafar da ka narka a wajen sunan nan da soyayyen naman da ka yi guzuri ba su tsaya maka a rai ba, sai "Garuba" da ka ji ana kiran Yaya da shi a bakin layi, shi ne ka koma Kano kana ba da labari a majalisa wai mu 'yan Agege ko sunayenmu ba mu iya faɗa ba, wai anya ma Hausawa ne mu har yanzu. To gyara zama tunda kai ka tono.

Ba mu muka ce Garuba ba. A cikin gida Garba ne, Inna ko da wasa ba ta taɓa ƙara masa wannan "u" ɗin ba. Harshen Yarbawa ne ba ya barin baƙaƙe biyu su haɗu babu wasali a tsakani, sai ya cusa wani abu ko ta halin ƙaƙa. Filin jirgin Ikeja da aka sa wa sunan Janar Murtala bayan an kashe shi a garin nan ranar 13 ga Fabrairun 1976, tambayi kowane kwandastan danfo, "Muritala" zai ce maka. Buba Marwa ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, keken nan mai ƙafa uku da kuke ce wa A Daidaita Sahu mu nan sunansa ya ci, amma fa Maruwa ake cewa, har yaran da ba su san mutum ne ba. Soja da bindiga bai hana a lanƙwasa sunansa ba, sai Yaya da shagon shinkafarsa?

Sannan ba su da "z", sai ta koma "s", ita kuma "h" tana yawan zubewa a hanya. Shi ya sa Zubairu ya zama Suberu, Hamza ya zama Amusa, Halima ta zama Alimotu. Lasisi da kake ji Abdul'aziz ne. Lamidi, irin sunan Alafin na Oyo da ya rasu a 2022, Abdulhamid ne. Raji Rasaki da ya yi gwamnan soja a nan, Rasakin nan Abdurrazaƙ ne. Jimoh kuwa Ɗanjuman su ne.

Ni wannan abu a gidana ya same ni. Ranar da na kai Hadiza firamare, wata 'yar makarantar kuɗi a bayan layinmu, malamar ta tambayi suna na faɗa da bakina, ta cire "h" ta mai da "z" "s" ta rubuta Adisa. Ban duba ba, sauri nake in tafi kasuwa. To Adisa a wajensu sunan kirari ne na ɗa namiji. Bayan sati ɗaya aka raba yunifom da sunayen da ke rajista, sai ga yarinya ta dawo gida da gajeren wando da riga a leda tana kuka har da shessheƙa, uwarta ta ɗaga wandon sama tana kallona kamar ni na ɗinka. Washegari na je na karɓi biro na rubuta HADIZA da manyan baƙaƙe a gefen rajistar, matar nan ta yi ta ba da haƙuri har da rusunawa, ta canza kayan, da zan fita sai ta ce sai an jima Baba Adisa. Yau shekara shida ke nan haka take kirana in mun haɗu a Pen Cinema, kuma amsawa nake.

Yanzu mu dawo kanku masu asali. Shi Garban da kake karewa, wane Balarabe ne zai ji shi ya gane Abubakar ake nufi? Mu mun ce Garba mun ce Habu, Fulani sun ce Buba, Barebari sun ce Bukar, Bayarabe ya ce Bakare, duk Sahabi ɗaya ake wa takwara. Ita kanta Hadizar ai Khadija ce muka tausasa. Mamman, Audu, Iro, Isyaku, Dije, wanne ne a ciki ya zo daga Makka a haka? Je ka ƙauyukan Sakkwato ka ji Hwatima. Ku ma lanƙwasawa kuka yi, taku dai ta daɗe har ta zama kamar da ita aka haife ku. Kuma in don gyaran lafazi ne, ga makarantar Larabci ta Markaz nan kusa da mu a Agege, ta Shehu Adamu Al-Ilori, ka zo ka ji ɗalibanta 'ya'yan Yarbawa suna fitar da ainun da ha mai ruwa daga maƙogwaro, da yawansu yanzu ba sa yarda a ce musu Lasisi, Abdul'aziz suke so cikakke, kamar yadda 'yan matan ku suka tsani a ce musu Indo ko Binta.

Mu kuma me muke wa nasu sunayen? Apapa mun mai da ita Afafa, alhali a bakinsu wannan "p" ɗin "kp" ce. Gbenga ya zama Benga. Eko ta zama Ikko, Ibadan ta zama Badun. Shugaban ƙasa kai da kanka Tinibu kake ce masa. Osinbajo ya yi shekara takwas yana mataimaki, daga 2015 zuwa 2023, har ya sauka mutanenmu Osibanjo suke cewa. Ba a ma maganar karin sauti, su da sunan mutum jimla ce guda mai ma'ana, ka ɗaga murya inda ya kamata ka sauke ka mai da sunan wani abu daban, su yi murmushi kawai su amsa.

Sai maganar da ka sako a ƙarshe kana wani rage murya, wai auren Yarbawa ne ya jawo mana. Haba taubashi. Kaka ya biyo jirgin ƙasa ya zo fataucin goro, layin dogon nan tun 1911 ya isa Kano, kuma goron Agege shi ya tara Hausawa a nan tun kafin a haifi iyayenmu. Ya zauna, ya auri Iya, Bayarabiya musulma 'yar gidan malamai, ta haifa masa Baba ta haifa masa Goggo. Goggon nan ita ce mahaifiyarka. Aure ne ya kai ta Kano, amma a nan Agege aka binne cibiyarta. Ka lura da kyau in ranta ya ɓaci sosai da wane yare take faɗa, in ba ka taɓa lura ba ka ɓata mata rai yau ka ji. Iya har ta koma ga Allah ba ta iya cewa Hauwa ba, Awawu take ce wa ƙanwata, ta zaunar da ita a cinya tana mata kitso tana jero mata kirari da Yarbanci har yarinyar ta yi barci. Da Iya ta rasu, ƙanwar nan tawa cewa ta yi shi ke nan babu mai sake kiranta Awawu, ta fi wata guda in ta tuna sai hawaye. Wannan sunan kake so in ce mata kuskure ne?

In kana son sanin abin da ke mana ciwo da gaske, ba Garuba ba ne. Wanda ya ce Garuba ya san ka, ya san shagonka, ya zo sunan ɗanka. Mai ciwon shi ne wanda zai dube ka da furfurarka, an haife ka a Agege an haifi ubanka a Agege, ya ce "aboki" ko "mola" da wani irin sauti kamar yana kiran mai gyaran takalmin da ya sauka daga tirela jiya. Kai kana jin aboki ka ɗauka zumunci ne. Zo ka zauna wata uku.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai inda maganarka ta taɓa ni. Yaranmu na yanzu ɗ da ƙ da ɓ suna kuɓuce musu. Babban ɗana "kofa" yake cewa, "dan'uwa" yake cewa, Ɗangote a bakinsa Dangote ne irin na 'yan jaridar kudu, Tafawa Ɓalewa kuwa bai ma san da ɓ ba ne, shi dai TBS ya sani, wato dandalin Tafawa Ɓalewa na Legas inda ake hawa mota. Rannan na ji ƙaramin ya ce "Mama ya dawo", wallahi sai da na ajiye cokali. Ina gyara musu, wani lokaci su maimaita daidai wani lokaci su ce Daddy ai ka gane. Amma kafin ka yi murna ka buɗe Facebook ka ga yadda 'yan matan Kano ke rubuta sunayensu, Khadeejarh, Ayshert, Zeey, su kuma wace Bayarabiya ce kakarsu?

Shi Garuban ma rigima ce a cikin gidanmu ba ƙarama ba. Wani malami ne ya rubuta masa haka tun a firamare, ya bi shi har takardar gama sakandare. Da ya buɗe asusun banki da kansa sai ya sa Garba. Ana nan aka zo zamanin BVN da NIN, kwamfuta ta ce mutum biyu ne, harafi ɗaya tak ya riƙe masa kuɗi ana tsakiyar sarin kaya. Ya yi ta zarya, rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, layi tun asuba, daga ƙarshe da aka ce ya zaɓi ɗaya sai ya zaɓi Garuba don shi ne a takardun makaranta. Baba bai yi masa magana ba kwana biyu, ya ce sunan da aka yanka wa rago aka raba goro a kansa, kuma sunan mahaifinsa ne, shi za a bar wa wani malamin firamare. Yaya ya ce ragon ai Abubakar aka yanka wa, kuma wanda banki ta sani shi ne mai cin abinci. Ni a lokacin bayan Baba na bi, har yanzu ma in na ga Garuba a bayan sunan 'ya'yansa a katin makaranta sai in ji wani iri. Shi kuwa har wasa yake, wai da yana neman hayar shago mai gidan ya ɗauka mutumin Kwara ne, bai gane ba sai da aka gama sa hannu ya ji shi yana waya da Hausa.

Jaririn da ka zo sunansa kuwa, Hamza, matar da ke sayar da burodi a ƙofar gida ta riga ta fara ce masa Amusa, uwarsa tana gyara mata kullum safe ita kuma tana cewa to ai shi na faɗa. In za ka zo da Babbar Sallah ka taho mana da kilishi da daddawa mai kyau, ta nan ba ta da ƙamshi. Kuma ka fara koyon "gb" tun yanzu, don yaron da zan turo ya ɗauko ka a tasha sunansa da ita ya fara, in ka ce masa Benga ni zan fara yi maka dariya. Ka gaida Goggo, ka ce mata Baba Adisa na gaisuwa, za ta gane.