Ƙanwata, tambayi nisan ɗakin haihuwa kafin ki sa hannu

Ƙanwata, na ga saƙonki, kuma wallahi na yi murna da kika ci jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin nas a Amurka. Allah Ya sa albarka. Kin ce kamfanin da ke ɗaukar ma'aikatan jinya ya samo miki gurbi a wani ƙaramin asibiti mai gado 25 a karkarar jihar Jojiya ta Amurka, kina tambaya ko ƙauyen Amurka ai ya fi birnin gida komai, ga shi kuma kina da juna biyu. Shekarata ta shida ke nan a irin wannan wuri, a kudu maso yammacin jihar, ƙasar gyaɗa da auduga. Lokacin kaka ƙamshin gyaɗar da aka tone kan tuna mini da gida.

Kayan aiki akwai, wuta ba ta ɗaukewa, ba a aika ɗan jinya ya sayo safar hannu. Abin da ke cin mutane a nan nisa ne da rashin inshora. A 2020, ana tsakiyar korona, aka rufe asibitin garin Cuthbert na gundumar Randolph, gundumar da mutanenta ba su kai dubu bakwai ba. Tun daga nan wanda zuciyarsa ta buga sai an ɗauke shi zuwa Eufaula a Alabama ko Albany, tafiyar da kan kai kusan awa ɗaya. Daga 2010 zuwa yau asibitocin karkara fiye da 100 ne suka rufe ko suka daina kwantar da marasa lafiya a faɗin ƙasar. Kuma babu adaidaita, babu ɗan acaɓa, babu motar haya a bakin titi. Wanda ba shi da mota, a gida ciwonsa zai nuna.

Wani dattijo ba ya fita daga raina. Lebura ne a gonar gyaɗa, shekararsa 62, ya zo mana da ƙafa naɗe cikin tsohuwar riga. Da na kwance ta, yatsu biyu sun riga sun yi baƙi. Ciwon suga ne. Ya ce raba ƙwayar maganinsa yake yi biyu don ta kai shi ƙarshen wata, yana lissafin ranar da zai cika 65 ya shiga Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi. Jojiya na cikin jihohin da ba su faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, yadda dokar Obama ta ba da dama ba, shi ya sa irinsa suke tsakiya: ba su cancanci taimako ba, ba su da kuɗin sayen inshora. Wata dokar tarayya ta 1986 ta hana sashen gaggawa korar kowa saboda kuɗi, amma takardar bashi tana biyo mutum har gida. Na wanke masa ƙafar ina ɓoye hawaye. Irin waɗannan za ki riƙa gani kullum: hawan jini, suga, ciwon ƙoda, an zo a makare.

Yanzu batun cikinki, wanda shi ya fi damuna. Fiye da rabin gundumomin karkarar Amurka ba su da asibitin da ake karɓar haihuwa. Namu ma ba ma karɓa, sai in jariri ya matso a ƙofa. Ki sa su faɗa miki a rubuce: mil nawa ne zuwa ɗakin haihuwa mafi kusa, yaushe inshorar aikinki za ta fara, ta haɗa da maigida, kuma nawa za ki fara biya daga aljihunki kafin ta ɗauka. Ki karanta tarar karya yarjejeniya da kyau, domin wasu kamfanonin kan ɗaure mutum shekara biyu ko uku. Maigida ya koyi tuƙi tun a Kano, mota ce farkon abin da za ku saya, kafin kujeru.

Ni dai ina ganin ki zo, in amsoshin sun kwanta miki. Mutanen nan suna da karamci, suna kuma bukatar hannu irin naki, wanda ya saba aiki a ɗakin da nas ɗaya ke riƙe da gadaje da yawa. Masallaci da naman halal sai kun yi tafiya, ni nakan cika firiza in na je Atlanta. Turo mini sunan garin, in duba miki hanyar asibitin haihuwar da kaina ranar Asabar. Ki gaida Hajiya da kyau.