Ruwa ba ya tsami banza

Jiya bayan la'asar ka tsare ni a bakin shagonmu na kifin ado da tambaya, masu saye suka yi mana yawa har magariba ta kawo jiki, ban ba ka amsar kirki ba. Cewa ka yi: "Oga, tankin da na haɗa wa ƙannena a gida, golfish huɗu, jajayen kifin adon nan, na zuba, yau kwana tara, uku sun mutu. Kullum sai na zubar da ruwan, in wanke tankin tas da omo in zuba sabo, abinci kuma sau huɗu a rana. Anya ba da ciwonsu suka zo daga Legas ba?" To, jawo benci ka zauna.

Kifin lafiyarsu ƙalau. 'Yan'uwansu da aka ɗauro su a leda ɗaya ga su can a tankin bayan ƙofa suna ta iyo, ko ɗaya bai mutu ba. Kai ka kashe naka, ɗana, kuma da tsafta ka kashe su. Kada ranka ya ɓaci. Ni ma shekarata ta farko a sana'ar nan haka na yi, nawa kuma ba uku ba ne, sun haura talatin, a dare ɗaya, da kuɗin bashi. Da asuba na buɗe shago na tarar da su sun yi rigingine, na zauna a ƙasa na rasa ta cewa.

Abin da ba ka lura da shi ba shi ne, kifi a masansa yake kwana. Inda yake ci nan yake kashi, nan kuma yake numfashi. Akwai wata guba da ke fita daga jikinsa dare da rana, ana ce mata amoniya. Ka san warin nan mai hawa kai da ke dukan hancinka in ka shiga ɗakin kajin gona da aka daɗe ba a share ba? Ita ce. Mafi yawanta ma ba ta kashi take fita ba, ta jajayen tsokar nan ta gefen kansa wadda yake numfashi da ita take fita. Ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe shi ma ita yake komawa. A dam ɗin Dadin Kowa wannan ba komai ba ne, ruwan ya fi ƙarfinta. A kwalin gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙone masa wurin numfashi. Kuma ba ta da launi. Za ka ga ruwa garau kamar ka sha, alhali kifi na ciki yana ƙonewa. Shi ya sa ka ce sun riƙa taso da baki sama suna haki, kai kana zaton yunwa ce, kana ƙara musu abinci.

Maganinta ba a kwalba yake ba. Wasu ƙananan halittu ne Allah Ya yi, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, wannan gubar ce tuwonsu. Kashi biyu ne. Na farko su ci amoniya su mayar da ita wata guba, naitirait, wadda ita ma kisa take yi, don tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Na biyu su ci wannan su mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke ragewa. Ba yawo suke yi a cikin ruwa ba, manne suke da soson filta mai tace ruwan tanki, da tsakuwa, da jikin gilashi. A sabon tanki sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya da kashin kifi. Kai kuwa kullum da safe kana bin su da omo. Wato kowace rana tankinka sabo yake komawa, kamar wanda ke shuka gero yau, gobe ya tone ya ga ko ya tsiro.

Ka tuna ranar da ka ɗauki soson babban tanki za ka kai bakin famfo na daka maka tsawa? Ka yi fushi, ka ce datti ne a jikinsa. Wannan dattin mai ruwan ƙasa shi ne jarin shagon nan. In kifi ya mutu zan sayo wani jibi, amma soson da ya shekara yana aiki ba a sayar da shi a kasuwa. Wankinsa shi ne ka ɗebi ruwan tankin a bokiti, ka matse shi a ciki sau uku ko huɗu, ka mayar. Shi ke nan.

Na san abin da za ka ce: ai tunda kullum kana zubar da ruwan, gubar ma tana tafiya. Gaskiya ne, tana tafiya. Amma me kake zubawa a madadinsa? Ruwan famfonmu na Gombe daga matatar Dadin Kowa yake zuwa, kuma kilorin ake sa masa don ya kashe ƙwayoyin cuta. Mu alheri ne a gare mu. Kifi kuwa yana ƙone masa wurin numfashi, ya kuma kashe bakteriyar da muke lallaɓawa. Na tanka da na 'yan ga-ruwa ba ka san inda aka ɗebo ba, don haka ka ɗauke shi kamar na famfo. Ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, awa 24, ko ka ɗiga masa maganin kilorin ɗin nan na kan kanta, wanda ni na fi yarda da shi. Na burtsatse ba shi da kilorin, sai dai daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa ba iska a cikinsa, shi ma a bar shi ya huta. Kada ka kuskura ka jefa alif don ruwa ya kwanta, wannan dabarar randa ce. Ga kuma wahalar kamun: kullum ka bi kifi da raga, ka jefa shi a kwano, ka dawo da shi cikin ruwan da sanyinsa ya bambanta da wanda ya baro. Yauƙin nan na jikinsa rigarsa ce, ita ke tare masa cuta, raga da kumfar omo kuwa tuɓe masa ita suke yi.

Yadda ake yi, sau ɗaya a mako ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kifi na ciki abinsa. Da tiyo za ka zuƙo, yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur, ka riƙa cusa bakinsa cikin tsakuwa yana kwaso kashin da ya kwanta. Sai ka cika da ruwan da ya huta. Bokitin kifi na kifi ne kaɗai, ka rubuta a jikinsa, kada a yi wanki da shi.

Sai girman tankin. Da guntayen gilashin da suka rage ka haɗa shi, na gani, kuma haɗin ya yi kyau, layin silikon ɗinka, gam ɗin da ke riƙe gilashin, ya fara miƙewa. Amma auna shi: tsawo santimita 40, faɗi 20, tsayi 25. Ka ninka su ka raba da 1000, lita 20 ke nan, ko jarka ɗaya mai cin lita 25 bai cika ba. A nan ka zuba golfish huɗu. Su waɗannan da kake gani kamar ɗan yatsa jarirai ne. Dangin wani kifin kogi ne mai launin toka-toka da mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1000 da suka wuce, suna zaɓen masu ja da ruwan zinare har aka samu waɗannan. Mai dogon jikin yakan kai santimita 20 zuwa 30. In ya samu kulawa yana shekara 10 zuwa 15, akwai ma wanda ya yi shekara 43 a wani gida a Ingila kafin ya mutu a 1999. Mu a nan in ya yi wata uku sai a ce ya yi ƙoƙari.

Lissafin da nake bi, mai ƙundumemen ciki mai baza wutsiya guda ɗaya jarka uku, wato lita 75, kowane ƙari kuma a ƙara jarka biyu ko kusa da haka. Tankin 90 da 40 da 40, wanda ke cin lita 144 in an cika shi maƙil, kifi biyu ne, in an matsa uku. Faɗi ya fi tsayi amfani, don ta saman ruwa iska ke shiga. Ka kuma tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. In ka haɗa da gilashi da tsakuwa ya fi buhun siminti uku nauyi, ba a ɗora shi a kan teburin talabijin.

Wannan ne ya sa kake ganin ina jan magana da masu zuwa neman ƙwaryar gilashin nan mai zagaye don ado a falo. Hajiya za ta ce ita dai shi ta gani a fim. In na sayar mata, bayan mako biyu ta dawo ta ce kifinmu ba shi da kyau, ta faɗa wa matan unguwarsu daga Tumfure har Jekadafari. Gara in rasa cinikin yau.

Abinci kuwa, golfish ba shi da tumbin ajiya irin namu, abin da ya haɗiya hanji yake wucewa kai tsaye, shi ya sa kullum kamar mayunwaci yake. Kada roƙonsa ya ruɗe ka. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da zai cinye cikin minti biyu. Ban taɓa ganin wanda yunwa ta kashe a gidan mai shi ba. Kuma da ƙanne a gida, ka tabbata sau huɗun da ka ƙirga naka ne kawai. Kowane yaro in ya gifta sai ya barbaɗa, wani har da gutsuren burodi da tuwo. Ka ɓoye robar abincin, mutum ɗaya ya riƙa bayarwa.

Abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne zafin garin nan. Golfish kifin ruwan sanyi ne, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 23. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na kai 40, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da yake riƙewa raguwa take yi, kifi kuma a lokacin ne ya fi buƙatarta, gubar amoniya ma ta ƙara kaifi. Kai kuma a tsakiyar bazara ka fara. Da ka shawarce ni, da na ce ka bari sai hunturu, lokacin da mu muke rawar ɗari su kuma suke sallah. Tunda an riga an fara, ka kai shi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, don rana na dafa ruwa tana kuma kawo gansakuka. Ka saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, zai sauka da digiri biyu ko uku, dabarar da ke sanyaya ruwan tulu ce. Kada ka juye masa ruwan firij, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

In an ɗauke wuta, injin iska mai hura wa ruwan tanki iska ya tsaya, to kifi da bakteriya duka numfashinsu ya ragu. Ka nemi ƙaramin injin nan mai aiki da batirin cajin waya. In babu, ka ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama, kamar mai shayi yana fifita shayi, minti biyar duk bayan awa ɗaya ko biyu. Ranar da ba wuta kada a ba da abinci.

Wani abu kuma da za ka faɗa wa Inna da bakinka: ɗakin da tanki yake ba a fesa maganin sauro. Abin da ke kashe sauro yana kashe kifi, kuma ɗan kaɗan ya isa. In dole ne sai an fesa, a kashe injin iska, don shi ke zuƙo iskar ɗakin ya tura cikin ruwa, a lulluɓe tankin da zane mai kauri, sai warin ya fita a buɗe.

Yanzu saura ɗayan da ya rage. Yau in ka koma gida kada ka ba shi komai, gobe ma haka. Ka samo sabon bahon roba babba wanda sabulu bai taɓa shiga ba, mai cin jarka biyu ko uku, ka zuba ruwa ya kwana. Gobe in mun tashi zan yanko maka rabin soson tankin bayan ƙofa. A leda za ka sa shi da ruwan tankin, ka hau mashin ka tafi kai tsaye, kada ka tsaya hira a majalisa ya bushe ko ya dahu a rana. Ka haɗa shi da injin iska a bahon. Shi kifin ka sa shi a leda da tsohon ruwansa, ka ɗora ledar a kan ruwan baho minti 20 sanyinsu ya daidaita, sannan ka sake shi. Mako biyun farko ka riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana biyu. In ka ga ya daina haki, ya buɗe fiffiken bayansa yana tonon ƙasa, ya tsallake. In ka ga farin ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, wannan wata cuta ce daban, ka zo ka faɗa mini kafin ka zuba komai.

Kada ka ƙara masa abokin zama sai bayan wata ɗaya, ko da ƙannenka za su yi kuka. Ranar Asabar kuma ka zo da wuri, akwai gilashi mai kaurin milimita 6 da ya rage daga aikin gidan nan na GRA. Kai za ka auna, kai za ka yanka, 90 da 40 da 40, ni kallo kawai zan yi. Kuɗin silikon zan cire a kuɗinka na mako.