Kayan sautin ɗaki a cikin mota: wanne za a ɗauka, wanne za a bari?

Tambaya: Ina da amfilifaya da manyan lasifika biyu da wufa a falo, na daina amfani da su. Sautin motata kuma ba ya gamsar da ni. Zan iya ɗaura su a motar, ko dole sai na sayi na mota?

Amsa: Malam, kayan nan naka ba hukuncinsu ɗaya ba. Amfilifayar ka bar ta a gida. Wutar bango take ci, mai bolt 220 zuwa 240 ko 110 zuwa 120 gwargwadon ƙasa, alhali batirin mota bolt 12 ne, ya ɗan haura 14 in inji na aiki, kuma irin wutar ma ba ɗaya ba ce: ta bango AC ce, ta batir DC. Za a ce maka ka sa inbata, kuma gaskiya za ta kunna. Amma yi lissafi: amfilifayar da ke jan wat 300 za ta zuƙi wajen amfiya 30 daga batir in ka haɗa da abin da inbatar ke ɓatarwa, shi kuwa soket ɗin caji na gaban mota fiyus ɗinsa amfiya 10 zuwa 15 ne a yawancin motoci. Ke nan sai an ja waya mai kauri tun daga batir. Bayan duk wannan wahala, in inbatar mai araha ce wutarta ba ta da santsi, sai ka riƙa jin "zzzz" a ƙarƙashin waƙa, wani lokaci har da wani siririn kuka da ke ƙaruwa in ka taka totur. Amfilifayar mota tana da abin ɗaga wuta a cikinta, an kuma ƙera ta don girgiza da zafi. Kuɗin inbata mai kyau gara ka zuba shi a kanta.

Lasifikan kuwa za su yi magana. Duba bayansu, galibi za ka ga an rubuta ohm 8 ko 6, na mota kuma ohm 4 ne (ohm shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta). Mai ohm 8 ba za ta cutar da rediyonka ba, sai dai kusan rabin ƙarfinsa kawai za ta samu. Rediyon da aka rubuta wa "50W x 4" a fuska, ainihin abin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba, ka ga in an raba shi biyu abin da ya rage ba yawa, ga ƙarar taya da iska suna cinye shi. Kada kuma ka ciro su daga akwatinsu ka cusa a ƙofa. Ruwa yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa, motar da aka rufe a rana cikinta kan haura digiri 60, takardar lasifikar da soson gefenta ba za su jima ba.

Wufar ce abin ɗauka, in akwatinta rufaffe ne. Cikin mota ƙaramin wuri ne, shi da kansa yana ƙara wa bes kauri, shi ya sa wufar da ba ta cika falo ba sai ta girgiza madubi. In mai amfilifaya ce a jiki, a cire wayoyin daga wannan amfilifayar a kai su ga ta mota. Abu biyu ba sassauci: a sa fiyus a wayar wuta kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, sannan a ɗaure akwatin tam a but. Akwatin katako mai nauyi da aka ajiye haka nan, ranar da ka taka birki da ƙarfi gaba zai taho.

Tambaya: 'Yar ƙaramar amfilifayata adafta take amfani da shi, an rubuta 12V a jiki. Ita ma sai da inbata?

Amsa: A'a, Hajiya, taki ta huta. Ki dai duba adaftan da kyau: in "DC" ke gaban 12V ɗin, za a iya ba ta wutar mota kai tsaye, in "AC" ne ba za ta yiwu ba. Ki tabbata kuma tana jure bolt 14 da ɗoriya, don wutar mota ba ta tsayawa cak a 12. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙananan an rubuta musu 12 zuwa 24, su ba matsala. Ki ba mai gyaran wutar mota ya sa mata fiyus, ya lura kada ya musanya jar waya da baƙa, ya kuma ɗauko wutar daga layin da makulli ke kashewa, don kada ta kwana tana shan batir.