Ɗiyata na son karatun siyasa, wane malamin kur zan ɗauko mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Mushe. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, unguwar Zariya. Ɗiyata tana tarminal A bana, wato ajin ƙarshe na lise, burinta in ta samu BAC, jarrabawar shiga jami'a, ta karanci kimiyyar siyasa a jami'a. Tun shigar lakwal na ɗauko mata wani maƙwabcinmu yana yi mata kur, wato ƙarin darasi, a gida. Kowa a unguwa ya shaide shi da sanin siyasa, ba abin da ake yi a duniya da bai sani ba. Jika goma sha biyar nake ba shi duk wata. To sakamako ya fito, 06 cikin 20 a filo (falsafa), 07 a tarihi da labarin ƙasa. Yarinya ta daina cin abinci, uwarta ta hana ni sakat. Shi kuma ya ce malaman lise ne ke danne ta don ra'ayinta bai zo ɗaya da nasu ba. Saura wata huɗu jarrabawa. In sallame shi ne? Kuma a ina zan samu malamin kimiyyar siyasa na gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai a lallashi yarinya ta ci abinci, a kuma kwantar wa Hajiya da hankali. Shida a tsakiyar shekara ba faɗuwa BAC ba ce. Na sha ganin yaran da suka tashi daga shida suka haura goma cikin ƴan watanni, da zarar an nuna musu inda gizo ke saƙa. Amma maƙwabcin nan naka, e, ka sallame shi. Ka biya shi kuɗin watansa cif, ka yi masa godiya saboda haƙƙin maƙwabtaka, ka rufe wannan babin.

Malamin da kake nema kuma, da wannan sunan ba za ka same shi ba, don a lise ɗinmu babu darasi mai suna kimiyyar siyasa. Sai an shiga jami'a ake cin karo da ita, galibi ta ƙofar fannin shari'a, a Yamai ko a Tawa. Abin da ɗiyarka ke buƙata yana cikin darussan nan biyu da ta faɗi. A filo akwai babin hukuma, doka, ƴanci da adalci. A tarihi akwai yaƙin cacar baka, Majalisar Ɗinkin Duniya, fafutukar neman ƴancin kai da tarihin siyasar Nijar. Suna kuma cikin darussa masu nauyin maki a rukunin A. Saboda haka malamin filo ko malamin tarihi mai riƙe da ajin tarminal, shi ne naka.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya jefa ka cikin wannan, don kusan duk shekara sai iyaye sun zo mini da shi, har na gaji da maimaitawa. Mutanenmu sun ɗauka wanda ya iya hirar siyasa shi ne ya san ilimin siyasa. Mutum na zaune a fada tun bayan la'asar, butar shayi na kan gawayi, rediyo a kunne, waya a hannu, ya san sunan kowane minista da garin da ya fito, ya san abin da Rasha ta ce da abin da Faransa ta mayar, in ya buɗe baki kowa ya yi tsit. Sai a ce ai wane masani ne, a ɗauki yarinya mai jarrabawa a damƙa masa. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne. Wanda ya iya ba da labarin Dubai da Kwatano a bakin shago, za ka ba shi littafin lissafin kantinka ya riƙe? To haka abin yake.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa a kan takarda. A ce an ba da tambayar filo irin wadda aka saba: shin hukuma abokiyar gaban ƴanci ce? Yaron da ya tashi a hannun malamin fada, layin farko zai ce e, ko ya ce a'a, daga nan ya ɓalle. Ya zagi gwamnatin da ta shuɗe ko ya yabi mai ci, ya kawo tsadar shinkafa, ya kawo Turawa, ya cika shafi shida yana huci. Mai gyara kuwa abin da yake nema daban ne. Yana son ya ga yaron ya warware kalmomin tambayar, me ake nufi da hukuma, wane irin ƴanci. Yana son ya ga matsalar da ke ɓoye a ciki ta fito fili a gabatarwa. Sai a bi ra'ayin masu cewa hukuma makamin danniya ce, irin su Marx, a ba su haƙƙinsu. Sai a juyo ga Hobbes da ya ce in babu hukuma kowa abokin gaban kowa ne, da Rousseau da ya ce biyayya ga dokar da mutum ya kafa wa kansa ita ce ƴanci. Sai a kai ga Montesquieu da raba iko tsakanin masu yin doka, masu zartarwa da alƙalai, don iko ya taka wa iko birki. Ra'ayin yaron yana da gurinsa, amma a ƙarshe, bayan ya yi gumin auna na wasu. Malamin fada ba zai koyar da wannan ba, don shi sana'arsa kada abokin gardama. Disartasiyo kuwa, wato irin wannan dogon rubutu na auna hujjoji, sai ka iya tsaya wa ra'ayin da ba naka ba, ka kare shi da gaske na shafi guda, kafin ka rushe shi.

Wata shekara ina gyaran takardu na ci karo da wata da har yau take raina. Tambayar a kan tafiyar Nijar zuwa ƴancin kai ce. Rubutu mai kyau kamar na inji, Faransanci ba laifi, shafi takwas. Na karanta tun daga farko har ƙarshe ina neman dokar Defferre ta 1956, wadda ta fara ba ƙasashen renon Faransa ikon cikin gida, babu. Na nemi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, wadda Djibo Bakary da Sawaba suka yi kiran a ce a'a amma e ta yi rinjaye, babu. Ba 18 ga Disamba 1958, ranar kafa jamhuriya, ba Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, sai sau ɗaya, shi ma a wurin da bai dace ba. Shafi takwas ɗin nan duk a kan yuraniyom ne da sefa da sansanonin soja. Wasu maganganun ma na yarda da su a raina. Biyar na ba shi, na rubuta «hors-sujet», wato ya bar tambaya, da jan biro a gefe, na tashi na sha ruwa don abin ya ɓata mini rai. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wani babba ne ya cuce shi.

Shi ya sa maganar maƙwabcinka cewa malamai na danne ta saboda ra'ayi ta fi komai ba ni haushi a wasiƙarka. Wannan ita ce mafakar duk malamin bogi: in yaro ya faɗi, an danne shi ne. A BAC ana rufe sunan ɗalibi, mai gyara lamba kawai yake gani, bai san ɗiyar wa ce ba, bai san jam'iyyar ubanta ba. Illar wannan magana ta wuce maki. Yarinyar da aka cusa wa cewa malaminta maƙiyinta ne ta daina karanta gyaran da ya yi mata a gefen takarda, alhali maganin ciwonta na cikin jan biron nan. Ba na cewa duk malaman lise waliyyai ne. Akwai masu gyara a gurguje, akwai shekarun da yajin aiki ke cinye rabin manhaja. Amma darasi biyu, malamai biyu, maki kusan ɗaya? Ba haɗa baki suka yi ba.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa hange. Wanda ke shigo maka gida sau uku a mako yana zuba wa yarinya ƴar shekara sha takwas ra'ayinsa na siyasa, magoya baya yake tarawa, kai kuma kana biyansa. Gobe ta kwashi maganarsa ta zuba a Facebook da sunanta da hotonta, a wannan zamani da magana ke kai mutum inda bai zata ba, shi yana fada yana shan shayinsa.

To ina za a samu na kirki? Fara da makarantarta. Ka je da kanka ka ga sansar, mai kula da tsarin karatu a lise, ka ce ya nuna maka malaman da ke riƙe da tarminal a filo da tarihi, musamman waɗanda ake kira gyaran BAC. Ba dole sai malamin ajinta ba, ni na ma fi son wani daban, don kada kuɗin kur ya gauraya da makin aji. Malaman Lise Ɗan Baskore da na sauran lise-lise na gari da yawa suna yin kur da yamma, haka tsoffin malamai da suka yi ritaya, waɗanda sau da yawa sun fi haƙuri. Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da likitanci, don haka in lissafi ne da sai in tura ka can. A wannan fanni ɗaliban Yamai, Tawa da Damagaram ne ke da amfani, su kuma sai hutu ake ganinsu, kai ko wata huɗu gare ka.

In ka samu mutum, kada ka tambaye shi digirinsa, kowa na da amsa. Miƙa masa takardar nan mai 06 ka yi shiru. Malamin gaske zai karanta, ya ɗora yatsa ya ce nan ta bar tambaya, nan ba ta kawo hujja ba, nan ta rubuta kammalawa a wurin gabatarwa. Na bogi zai ce an zalunce ta. Sannan ka sa yarinyar ta yi masa tambaya biyu a gabanka. Me ya bambanta 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960? Me ya sa a 1995 shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou suka kasa tafiya tare? In ya fara da wane mugu ne, wane maci amana ne, ka gane. In ya fara da tsarin mulkin da ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da firaministan da ya fito daga masu rinjaye a majalisa, ka riƙe shi. Ni nakan gwada matasan malamai da abin da ke gabanmu: daga ina ikon Sarkin Katsinan Maradi ya samo halacci, daga ina na gwamna ya samo nasa? Wanda ya karanci Max Weber zai ce ɗaya gado ne da al'ada, ɗaya doka ce da naɗi, ya kuma ja zaren har zuwa Katsinawan da suka kafa garin nan bayan jihadi. Yaran Maradi na fahimtar wannan misali cikin minti biyar, don suna ganinsa duk ranar hawan salla.

Sharaɗin aiki kuma a fayyace tun ranar farko. Zama biyu a mako ya isa, amma duk mako sai ta rubuta disartasiyo ko sharhin matani guda, da agogo a gabanta, daga tambayoyin BAC na shekarun baya, shi kuma ya gyara ya dawo da ita. Duk malamin da ba ya tafiya da takarda gida, hira kake saye. Kuɗi a ƙarshen wata, ba a farko ba. Karatu a tsakar gida ko a falo inda Hajiya ke gilmawa, ba a ɗaki a rufe ba, ba a gidansa da dare ba, ko da dattijo ne mai furfura. In kuɗin ya yi nauyi, ku haɗu gida uku ko huɗu ku raba, amma kada su wuce biyar, in ba haka ba kun sake buɗe wani aji ne.

Nan da watan Mayu kuma wayarka za ta fara ƙara. Za a ce akwai mai suje, tambayoyin sun fito daga Yamai, a tura jika kaza ta WhatsApp. Wani ma malamin kur ɗin ne zai raɗa maka. Duk wanda ya ce ya san abin da zai fito, ko maƙaryaci ne ko ɓarawo, kuma in aka kama yarinya da waya ko takarda a ɗakin jarrabawa ita za a kora, ba shi ba.

Ka turo mini takardun nan biyu, ta filo da ta tarihi, har da gyaran malaman a gefe. Ina son in ga gabatarwarta kafin ka biya kowa ko dala.