Tambaya Mabuɗin Ilimi: Ledar da ta zama gari a bola, ruɓewa tayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni sana'ata bola ce, ina tsintar roba da gwangwani a babban jujin Ojota. Idan katafila ta tono tsohuwar shara sai kaga ledar fiya wata da tsohon buhu kana taɓa su suna marmashewa a hannu kamar gari, ni nace ruɓewa sukayi sun koma ƙasa, abokin aikina yace sam leda bata ruɓewa. Dan Allah a raba mana gardama. Daga ɗan'uwanku a Mile 12.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Gaskiya abokinka ne ya fi kusa da daidai. Bawon ayaba ko ragowar tuwo idan sun ruɓe ƙananan ƙwayoyin halitta da ido baya gani ne suka cinye su har suka koma taki, ita kuwa ledar fiya wata daga man fetur ake yinta, sunan sinadarin polyethylene, kuma waɗannan ƙwayoyin kusan basa iya cinta. Abinda ka gani a hannunka leda ce har yanzu, ta dai farfashe ne. Duk ɓarɓashin roba da bai kai milimita 5 ba masana suna ce masa maikurofilastik, wani masani ɗan Ingila, Richard Thompson na jami'ar Plymouth, shi ya yaɗa sunan a 2004 bayan ya same su a yashin bakin teku.

Yadda abun yake faruwa, hasken rana ne babban mai aikin. Ledar da take saman juji tana shan rana da iska wata da watanni, a hankali ƙarfin da ya haɗa jikinta yana tsinkewa, kalarta ta koɗe, ta daina miƙewa idan ka ja ta, ta bushe ta zama mai saurin karyewa, sai kuma katafila da manyan motocin LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, su bi ta kai suna niƙa ta. Wadda aka binne can ƙasa rana bata kai mata, iska ma kaɗan ce, shi yasa zaka tono wata ledar ta shekaru kaga rubutun kamfani raɗau a jikinta, amma ita ma zafin cikin juji da nauyin sharar da ke kanta da ruwan tsamin da ke ratsa ta suna cinta sannu sannu. Kuma ka tuna jujin Olusosun, wato wannan na Ojota, tun 1992 aka fara zuba shara a ciki, kaga kenan akwai robar da ta haura shekara 30 tana kwance a wurin.

Abinda yafi damuna shine inda garin ledar yake zuwa. Baƙin ruwan nan mai wari da yake tsiyayowa daga gindin juji, musamman a watan Yuni da Yuli lokacin da ruwan Legas baya ɗaukewa, yana kwasar ɓarɓashin ya shiga kwata, daga kwata sai kanal, daga kanal sai lagun, wato babban tafkin Legas, inda ake kamun kifin da muke saya a kasuwa, wani kuma ya nutse ƙasa ya nufi rijiyoyin unguwannin da ke kewaye. Da rani kuwa iska ce take tashi da shi cikin ƙura, kuma ku da kuke wuni a wurin ku ne farkon masu shaƙa. A 2022 masu bincike a Holan sun gwada jinin mutum 22 suka sami ɓarɓashin roba a jinin 17. Likitoci suna kan binciken irin illar da yake yi a jiki, amma wannan bai isa dalilin yin sakaci ba.

To ga shawarata. Ka riƙa rufe hanci da baki idan ana tonon tsohuwar shara, ka wanke hannu kafin kaci abinci, kada ka sha ruwan rijiyar da ke dab da juji ko ka bari yara su sha. Dan Allah kuma a daina cinna wa leda wuta da sunan rage ta ko dan a fidda wayar ƙarfe, hayaƙin guba ne, duk wanda yake Ojota lokacin gobarar Maris 2018 ya san yadda numfashi ya gagari mutane.

Gwamnatin Legas ta hana robar zuba abincin nan mai kumfa a Janairun 2024, a Yulin 2025 kuma ta fara aiwatar da hani kan wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Mataki ne mai kyau, sai dai ledar fiya wata tana nan, kuma zata ci gaba da zama muddin talaka bashi da ruwan famfo da zai yarda da shi. Shi yasa ni wallahi ina jin zafin yadda ake wulaƙanta 'yan bola a garin nan. Gorar da ka tsinta yau ka kai wa masu awo ana iya narka ta a sake wani abu da ita, amma da zarar ta marmashe ta gauraya da ƙasa babu mai iya tsince ta. Idan da hali ku riƙa karɓar roba tun daga gidaje da shaguna kafin ta iso juji, tafi tsafta, kuma mai saye yafi son wadda rana bata ci ba.