Tambaya da Amsa: Mahaifina zai ziyarce ni a Landan, yaya zan zagaya da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata ta biyu ke nan ina karatun digiri na uku a birnin Landan, kuma a watan Disamba mahaifina zai zo ya yi mako uku tare da ni. Shekarunsa 69, yana fama da ciwon sukari da ciwon gwiwa, kuma bai taɓa taka ƙasar Turai ba. Na rubuta wurare kusan ashirin da nake so ya gani, har da tsallakawa zuwa Faris ta jirgin ƙasa. Yaya zan tsara yawon? Daga wata ɗaliba a Landan.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya, ya kuma kawo Baba lafiya. Shawarata ta farko ita ce ki rage jerin nan ya koma wuri shida ko bakwai, wuri ɗaya a rana, tare da ranar hutu a tsakani. Dattijo ba zai ce miki ya gaji ba, saboda yana ganin ɗawainiyar da kika yi da kuɗin da kika kashe. Zai yi kawaici ya bi ki, sai da daddare gwiwa ta kumbura. Ke za ki riƙa lura da tafiyarsa, ki ce a zauna tun kafin ya nema.

Lokacin zuwansa ma ya taƙaita muku ranar. A Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, ga sanyi da yayyafi, sannan Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin kimanin awa huɗu. Ku fita da hantsi, ku dawo kafin duhu. Kwana biyu ko uku na farko kuwa ki bar shi ya huta gajiyar jirgi, ki sama masa rigar sanyi mai kauri da safar hannu da takalmi mai laushi wanda ba ya santsi.

Kada a ɗauki maganar lafiya da wasa. Tun kafin ya taso a yi masa inshorar lafiya ta matafiya, a kuma bayyana musu ciwon sukarin ƙarara, domin ɓoye shi na iya sa su ƙi biya. A Ingila ana duba kowa kyauta a sashen gaggawa, amma da zarar an kwantar da baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar. Ya zo da maganin da zai ishe shi har da rara, cikin kwalayensa na asali tare da takardar likita, a jakar hannu ba cikin kayan awo ba. Duk fitar da za ku yi ki riƙe ruwa da ɗan abin zaƙi, domin doguwar tafiya da jinkirin abinci kan sa sukari ya yi ƙasa ga mai shan magani. A aljihunsa kuma ki saka takarda mai ɗauke da adireshinki da lambar wayarki, ki koya masa cewa 999 ake kira idan abu ya yi tsanani.

Game da wuraren, na fi son waɗanda ake kallo daga zaune. Ku hau jirgin ruwa daga Westminster zuwa Greenwich a kan kogin Thames. Cikin kimanin awa ɗaya zai ga ginin majalisa da Hasumiyar Landan da gadar Tower da aka buɗe a 1894, bai taka ko matakala goma ba. Sai dai gidan nazarin taurari na Greenwich, wanda aka kafa a 1675, a kan tudu mai tsayi yake, don haka ku ɗauki tasi idan yana son tsayawa a kan layin da ake ƙirga lokacin duniya daga gare shi. Lilon London Eye mai tsayin mita 135 yana zagayawa a hankali cikin minti 30, kuma akwai benci a kowane ɗaki. Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda ya buɗe ƙofa a 1759, shigarsa kyauta ce, suna kuma ba da aron keken guragu idan an nema tun da wuri. Girmansa ya wuce a gama shi a yini, saboda haka ku zaɓi sashe biyu, misali na tsohuwar Masar da na duniyar Musulunci. Ranar Juma'a ku je Babban Masallacin Landan da ke gefen Regent's Park. Ki fifita bas a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki tun 1863 kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na tashoshinsa ne kawai ake shiga ba tare da matakala ba. Sai dai bas ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai katin biyan kuɗin sufuri na Landan mai suna Oyster ko katin banki.

Faris kuwa, bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa. Idan fasfo ɗinsa na buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, a ƙa'ida a ƙasar da yake zaune zai nema tun kafin ya taso, ba bayan ya iso wurinki ba. Da ni ne, da na ɗage wannan tafiya zuwa bazara.

Akwai wurin da nake kyautata zaton ba ya cikin jerinki, kuma shi zai fi faranta masa rai: jami'arki. Ki nuna masa ɗakin karatu da teburin da kike zama, ki gabatar da shi ga malamin da ke duba aikinki da maƙwabtan da ke taimaka miki, domin abin da zai ba da labari idan ya koma ke nan. Kafin ki sayi tikitin ko'ina, ki buga masa waya ki karanta masa jerin, ki ce ya zaɓi uku da kansa.